Babur ɗin da ya fi ƙarfin Kaka

Ina aji huɗu a firamare babana ya kawo wa Kaka sabon babur.

A hannun Kaka da matarsa Iya na tashi a Birnin Gwari. Ni ce 'yar fari, shi ya sa ana yaye ni aka kai ni wurinsu. Babana yana aiki a masaƙa a Kaduna, ba ya zuwa sai da salla ko in wani abu ya faru. Shi ma ɗan fari ne. Saboda haka Kaka ba ya faɗar sunan babana, babana kuma ba ya faɗar nawa. In Kaka zai ambace shi sai ya ce “na Kaduna”. In babana zai yi maganata sai ya ce “yarinyar nan”, idonsa a wani wuri. Kunya ce irin ta ɗan fari, kowa ya san da ita. In suna zaune a zaure, Kaka ƙofa yake kallo, babana tabarma, kuma hirarsu ba ta wuce gaisuwa da labarin ruwa.

Kaka fataucin zuma yake yi. Yana da ɗan ƙaramin babur ja wanda fentinsa ya koɗe, an ɗaure kujerarsa da robar tayar keke. Ƙararsa ba ta fi ta keken ɗinki ba. In ya tsaya, tafin ƙafarsa duka biyu a ƙasa suke, har gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Duk Asabar, da yake ba makaranta, yakan ɗaura garwa biyu a baya, ya ninke buhu ya ajiye mini a gaba, in zauna tsakanin hannuwansa mu nufi bakin daji. Tafiyar tana cinye mana hantsi, don Kaka ba ya wuce mutum. Manomi ne a gona, mata ne da itace a kafaɗa, sai ya sauke ƙafa an gaisa, an tambayi gida da yara da mai ciwon baya. In dattijo ne ya kashe babur gaba ɗaya. In an gama ya taka kik sau ɗaya da dunduniya mu wuce.

Ni yarinya ce mai nauyin baki. A aji malam zai yi tambaya, na san amsa, amma in ya dube ni sai in sunkuyar da kai. A kan babur ɗin nan ne kaɗai nake surutu, saboda ba mai kallon fuskata. Kaka kuwa ba ya gajiya da tsokana.

“Amarya, yau ma ba ki dafa mini komai ba.”

“Ni ba na auren mai furfura.”

“To sauka ki nemi saurayi mai babur.”

Inda muke zuwa wani ɗan ƙauye ne gaba da Kazage, sai an tsallake rafi. A can abokin Kaka yake. Tun suna samari suka haɗu wurin aikin hanya, suna ɗaukar tsakuwa a kwando. Kirista ne, yana da amya da yawa a kan itatuwa, amma 'ya'yansa ne suke hawa, don idonsa ya mutu a hankali kamar na tsofaffi da dama a ƙauyukan bakin rafi. Kullum a gindin ɗorawa muke samunsa. Tun muna nesa yake gane mu da ƙarar babur, sai mu ji ya ɗaga murya, “Ga mai tarin nan ya iso!”

Ba zumar ce take kai Kaka ba, ko da yake yana saye. Tun da abokin nasa ya makance ya ƙi yarda kowa ya ɗora masa aska a kai, sai Kaka. Za a kawo kujera da ruwa a ƙwarya, Kaka ya ciro aska daga kube.

“A hankali, wanzami. Da kunne biyu na fito, da su nake so in koma.”

“Da wanne kake jin magana? In bar maka shi.”

In sun so kada in ji abin da suke cewa sai su juya zuwa Gwaranci, su yi ta dariya har Kaka ya ɗaga askar sama don kada ya yanke shi. Ni kuma tsohon yakan ɗora tafinsa a kaina ya ji ko na ƙara tsawo, ya ce, “'Yar boko, me aka koya muku?” Ba ya jiran amsa, ya san ba zan ba da ita ba. Sai ya sa a kawo mini saƙar zuma a kan ganye.

Da bazara aka kawo sabon babur ɗin, a bayan wata a-kori-kura. Baƙi ne, dogo, tankinsa kamar tulu, tayoyinsa masu haƙora. Sai da ƙarti suka taru kafin aka sauke shi. Unguwa ta cika ƙofar gidanmu. Babana ya durƙusa ya gaida Kaka, sannan ya juya wajen maƙwabcinmu ya yi masa bayanin da yake nufin Kaka ya ji.

“An ce don hanyar daji aka ƙera shi. Ba ruwansa da rami, ba ruwansa da yashi. Wancan ƙaramin ya tsufa, bai kamata a riƙa ganin Baba a kansa ba.”

Kaka ma maƙwabcin ya duba. Ya ce, “Allah ya yi albarka. Allah ya ba shi masu yi masa.”

Mutane suka ce ya hau a gani. Ya hau. Ina tsugune a jikin bango, daidai inda nake ganin ƙafafunsa. Yatsunsa ne kawai suka taɓa ƙasa, dunduniyar tana sama, takalmin yana reto. Jijiyar ƙafarsa tana rawa. Babana bai ga wannan ba, domin kansa a sunkuye yake, ba zai tsura wa mahaifinsa ido a gaban jama'a ba. Kowa na ta barka. Kafin la'asar an ɗora ɗan jan babur a motar da ta kawo babban, an ce wani ɗan'uwa da ya samu aikin koyarwa zai yi amfani da shi. Kaka ya je ya zare buhun da nake zama a kai, ya shiga gida.

Asabar ta farko Kaka ya yi ta taka kik, babur ya ƙi tashi. Sai da wani saurayi bakanike na bakin layinmu ya zo, ya miƙe tsaye a kan kik ɗin da duk nauyinsa. Ƙarar da ta tashi ta kori kajin Iya zuwa bayan gida. Gaba ba wurin zama, tankin ya yi faɗi, sai aka ɗora ni a baya, tsakanin Kaka da garwa. Ba abin da nake gani sai bayan rigarsa. Da muka shiga hanyar daji na hango burtu biyu suna tafiya cikin ƙonanniyar ciyawa, na ce, “Kaka, ga burtu.” Ya ce, “Na'am?” Na sake faɗa. Ya ce, “Me?” Na haƙura.

Ba mu tsaya wa kowa ba. Ya san in ya tsaya babur na iya mutuwa, in ya mutu ba mai tayarwa. Da farko ya ɗaga hannu ga wasu mata, babur ya yi tangaɗi, daga nan sai gyaɗa kai. Wani dattijo da muke tsayawa wurinsa kullum ya riga ya ajiye gatari ya taho bakin hanya. Muka wuce shi. Na waiwaya na gan shi tsaye, hannunsa bai gama ɗagawa ba.

Rafin a bushe yake, muka ratsa yashin da ƙyar. Da muka shiga ƙauyen ba kowa. Ga turmi da taɓarya a yashe, ga tukunya a kan murhu tana tafasa, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya. A lokacin nan ba mai shiga ƙauyukan bakin daji da irin wannan babur sai malaman daji, masu kama wanda ya sare itace ko ya ɗana tarko a gandu, kuma da wuya a rasa gidan da ba shi da abin ɓoyewa. Suna jin ƙarar kowa ya yi ta kansa.

Mutum ɗaya ya rage. Abokin Kaka ya sauka daga kujerarsa, ya durƙusa a ƙasa, ya cire hula, fuskarsa tana fuskantar inda ƙarar take.

“Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Ni makaho ne, ranka ya daɗe. Ban san komai ba.”

Kaka bai iya sauka nan take ba. Sai da ya lallaɓa har ya sami saiwar ɗorawa ya dafa ƙafa a kai. Duk wannan lokacin tsohon yana durƙushe. Da Kaka ya kashe babur ya yi masa magana da Gwaranci, sai tsohon ya fashe da dariya. Kaka bai yi dariya ba. Ya je ya ɗaga shi, ya sunkuya ya kakkaɓe masa ƙasar gwiwa da hannunsa.

Mutane suka firfito daga bayan rumbuna suna tsokanar juna a kan wanda ya fi gudu. Tsohon ya ce a kai shi ya ji abin. Ya shafa tanki, ya shafa fitila, ya bi haƙoran taya da yatsa.

“Wannan ai bijimi ne. Kai kake tuƙa shi ko shi yake ɗaukarka?”

Sai ya ɗora tafinsa a kan kujerar, ya jawo shi a miƙe har ya taɓa jikin Kaka, sama da ƙugu. Ya daina dariya.

“Ka gaya wa yaron naka,” in ji shi.

“In gaya masa me? Abin da ɗa yake yi ya yi.”

An yi askin ranar ba hira sosai. Da za mu tafi, samari ne suka tura mu har babur ya kama.

Mun sake zuwa kamar sau biyu. Kafin nan magana ta fara yawo a kasuwa, wai tun da aka kawo wa Malam babban babur ya daina ganin mutane. Wata safiya kuma kik ɗin ya dawo ya doke shi a ƙwauri, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Daga nan Asabar ta zama ranar wanki. Yakan sa a turo masa babur ƙofar gida, ya wanke shi da tsumma har tsakanin wayoyin taya, ya ce yau hadari ya haɗu, ko ya ce yana jiran baƙi. Mota ba ta shiga ƙauyen. Gwiwoyinsa ba za su kai shi a ƙasa ba. Aron keke ko ƙaramin babur kuwa bai ma taso ba, domin in aka gan shi a kai, kafin mako magana ta isa Kaduna cewa ya raina kyautar ɗansa.

Wata rana ina tsince shinkafa na ji Iya ta ce masa, “Malam, a aika a gaya masa mana. Ya dawo maka da naka.”

“Ke ki gaya masa.”

“Ni? Da wane bakin?”

Suka juyo suka dube ni tare. Sai Iya ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce, “Wannan ma ai duk ɗaya ne, 'yar fari ce.”

Babana ya zo sau ɗaya a tsakanin nan. Ya tambayi maƙwabcinmu ko babur yana lafiya, aka ce masa kullum ƙyalli yake yi. Ni na kai masa ruwa. Na durƙusa, maganar tana bakina, na ma shirya yadda zan fara. Ya karɓi kwanon yana kallon Iya, ya ce, “Yarinyar nan tana karatu kuwa?” Iya ta ce ina yi. Na karɓi kwano na fita.

Damina ta kankama lokacin da babban ɗan tsohon ya kawo zuma kasuwa da kansa, ya biyo ta gidanmu. Bayan gaisuwa ya ce, “Baba ya ce a gaya maka gashi ya rufe masa kunne, ya fara daina jin magana.” Kaka ya yi murmushi. Mutumin ya ƙara da cewa ƙafafun tsohon sun kumbura, ba ya cin abinci sosai. Yana fita Kaka ya ɗauko aska da fatar wasawa.

Asabar ɗin an kwana ana ruwa. Iya ta ce a bari ƙasa ta sha, Kaka ya ce ya bari da yawa. Bakanike ya tayar mana. Hanyar duk taɓo ce, amma gaskiya babur ɗin bai damu da taɓo ba, yana ta keta shi. Har na fara jin za mu isa.

Rafin ya kawo, ruwan ja, zai kai gwiwar babba. Da ɗan jan babur ne, Kaka sauka zai yi ya naɗe wando ya tura shi, ni in riƙe gefen rigarsa. Ya tsaya a gangaren don ya duba inda ya fi tudu. Ya miƙa ƙafar hagu neman ƙasa, ashe ruwa ya zaizaye wajen. Na ji babur ya fara karkata a hankali. Ya ce, “Sauka!” Na yi tsalle na faɗa cikin ciyawa. Shi bai saki kan babur ba. Ya yi ta riƙewa, yana riƙewa, har suka kwanta tare, ƙafarsa a ƙasa.

Na kama ƙarfen baya na ja da duk ƙarfina. Ko motsi bai yi ba. Fetur yana ɗiga cikin wani ɗan kududdufi yana yin launi-launi. Hularsa ta faɗi, taɓo ya shafe masa gefen gemu.

“Amarya, bari. Matsa daga wajen salansa kada ki ƙone.”

Muryarsa ƙalau, amma goshinsa ya jiƙe da gumi. Daga inda muke ina jin dakan matan ƙauyen a tsallake, har da carar zakara. Ban san kusa yake haka ba sai ranar.

Wasu mata masu itace ne suka same mu. Suka sauke kaya, suka taru suka ɗaga babur ɗin, kowace ta kau da kai don kada ta ga fuskar dattijo a ƙasa. Ɗaya ta ruga ta kira maza daga gona. Ƙafar ta karye sama da idon sawu. Kaka ya ce su tsallaka da shi, ai ga ƙauyen nan. Suka ce mai ɗori yana Kazage, a wannan ɓangaren, kuma ruwan ƙaruwa yake yi, in ya tsallaka yau rafin na iya rufe shi kwanaki, ga yarinya da makaranta. Kaka ya dube ni, rigata duk taɓo, ina rawar sanyi. Ya daɗe yana kallon tsallaken. Sannan ya ce, “To ku gaya masa sai na warke.”

A kan jaki aka kai shi Kazage, aka yi ɗori, washegari wata motar hatsi ta kawo mu gida.

Babana ya zo da ya ji labari. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, kansa a ƙasa. Kaka ya dubi maƙwabcinmu da ya zo dubiya ya ce, “Santsi ne. Ko da ƙafa nake tafiya sai na faɗi. Ba laifin babur ba ne, babur lafiyayye.” Na ga kafaɗun babana sun sauka. Kafin ya koma ya sa aka canza madubin da ya fashe, aka gyara inda tankin ya loɓa.

Ana tsakiyar marka, ƙafar Kaka tana cikin karan ɗori, abokin nasa ya rasu. Sai bayan an binne shi labari ya iso mana, domin rafin ya hana kowa fita. Kaka ya ce, “Allahu akbar,” ya nemi a sake faɗa masa ranar, sannan ya ce a sakar masa labule.

Sai da ruwa ya ja baya, ya fara takawa da sanda, muka je gaisuwa. Bakanike ne ya tuƙa babban babur ɗin, ni a tsakiya, Kaka a baya. Da muka zo rafin saurayin ko ƙafa bai sauke ba, ya ratsa ruwan ya haye gangaren, har yana cewa, “Kai, Baba, wannan inji ne!”

Babban ɗan ya tarye mu, aka shimfiɗa tabarma, aka yi gaisuwa. Kaka ya tambayi yadda jinyar ta kasance. Mutumin ya faɗa. Sannan ya ce, “Ranar da ka faɗi, ya ji ƙarar ta taso. Ya ce mu fito da shi, a kawo kujera da ruwa. Da ƙarar ta ɗauke ya ce ai tsayawa ka yi gaisawa da wani. Yana nan zaune har masu gona suka zo da labari.”

Matar mutumin ta yi masa magana da yarensu, da alama cewa ta yi bai kamata ya faɗa ba.

Kabarin yana bayan gida, kusa da gonar dawa, an kafa gicciye na itace, ciyawa ta fara fitowa a kan tudun. Kaka ya tsaya dogare da sanda. Na zaci addu'a zai yi mu tafi. Sai ya miƙa mini sandar, ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafar da ta karye, ya fara magana da Gwaranci ƙasa-ƙasa. Ya daɗe. Wani wurin kamar yana faɗa, wani wurin ya tsaya kamar yana sauraro. Mutanen gidan suka ja da baya. Ni na tsaya riƙe da sanda, ban gane ko kalma ɗaya ba.

Da za mu tafi aka fito da garwar zuma. Kaka ya ce su kai wa wani a kasuwa, shi ya bar fataucin.

Washegari da hantsi ina wanke rigar makaranta a tsakar gida, yana zaune a inuwa yana murza ƙafar. Na daɗe ina juya tambayar kafin ta fito.

“Kaka, me ka ce masa jiya?”

Bai tsokane ni ba. Ya ce, “Na gaya masa na iso. Na ce makara na yi.”

Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya ce in miƙo masa buta.